Babi na Biyar: Kujerar Bakin Ƙofa

Ana saura kwana biyu Kirsimetin 2015, ina zaune a bayan wata ƙaramar majami'a a gefen garin Jos, Matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ekklesiya, suna gwajin waƙa. An jera tuluna da kacau-kacau, murya ta fara haɗuwa, sai wani yaro a waje ya fasa irin abin wasan nan mai ƙara kamar bindiga da yara ke saye lokacin biki. Kafin ƙarar ta lafa, wata mata da ta zo gudun hijira daga wajajen Michika ta riga ta shige ƙarƙashin benci, ta rufe kai da hannu biyu, jikinta yana ɓari. Mace ce mai jikoki, mai kamun kai, wadda ko dariya ba ta yi da ƙarfi. Wasu 'yammata suka ƙyalƙyale. Wata dattijuwa ta durƙusa kusa da ita tana cewa, "Haba Mama, ina bangaskiyarki? Ai nan gidan Ubangiji ne." Da ta fito, ƙura a zaninta, abin da ya fi cin ranta shi ne wannan tambayar. Mako uku ba ta sake zuwa sujada ba.

Ban ga laifin dattijuwar ba, don da kyakkyawar niyya ta yi magana, kuma abin da aka koya mata ta faɗa. Mu mutane ne da aka raina da kalmar haƙuri. An yi rasuwa, haƙuri. An ƙone gona, haƙuri. Miji ya fasa wa mace baki, haƙuri. Kalma ce mai daraja, ta riƙe gidaje da yawa da ba don ita ba da sun watse. Amma akwai lokacin da ake miƙa ta kamar yadda ake miƙa wa jariri nono don ya yi shiru, kuma wanda ake ba wa yakan gane cewa abin da ake nufi shi ne ya rufe baki, an gaji da ji.

Bahaushe ya daɗe da lura da abin da ya faru da wannan mata, shi ya sa ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Karin maganar ba ta ce mutumin wawa ne ba, ba ta kuma ce ya kasa bambanta tsumma da maciji ba. Ƙafarsa ce take riga tunaninsa. Likitoci sun nuna cewa can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe mai suna amigdala, wanda aikinsa kamar na mai gadi ne: da ya hango haɗari sai ya busa usur, jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta hau bugawa, numfashi ya gajarce, tsoka ta ɗaure don gudu ko faɗa, wani lokaci kuma mutum ya sandare wuri guda. Duk wannan yana faruwa kafin sashen tunani ya ce uffan. Ga wanda ya ga tashin hankali mai tsanani, mai gadin yakan ƙi komawa barci. Ƙarar babur, warin fetur, takun takalmi da dare, ko wani irin turare da wani mutum yake shafawa, kowanne ya isa ya mayar da shi ranar da abin ya faru, ya ji kamar yanzu ake yi.

Sai a 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka shigar da wannan ciwo cikin kundinsu da sunan da ake taƙaitawa da PTSD, bayan sun daɗe suna fama da sojojin da suka dawo daga yaƙin Biyetnam da kuma matan da aka yi wa fyaɗe. Alamominsa sanannu ne: mugun mafarki, abin ya riƙa dawowa ido biyu, guje wa duk abin da ke tuna shi, firgita da ƙaramin motsi, fushi ba gaira ba dalili, rashin barci. A ƙasarmu sau da yawa ta jiki yake bayyana. Mace za ta ce kanta yana zafi kamar an ɗora garwashi, ko wani abu yana mata yawo a jiki, a yi ta ba ta maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot har kuɗi ya ƙare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da aka yi rikici, kusan mutum 1 cikin 5 yana ɗauke da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Lissafin yana da gefe na biyu da ya kamata a riƙe: yawancin mutane suna farfaɗowa da kansu idan suka sami wurin kwana mai aminci, abinci, da mutanen da suka damu da su. Ba kowane mai kuka ne ke bukatar likita ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, ita ce ta fi kowace ɗariƙa ɗanɗana kuɗar rikicin Boko Haram. Tushenta yana Garkiɗa, inda Stover Kulp da Albert Helser suka fara aiki a 1923, kuma yawancin mabiyanta suna kudancin Borno da arewacin Adamawa. Mafi yawan 'yammata 276 da aka sace a Chibok cikin Afrilun 2014 'ya'yanta ne. A ƙarshen Oktoban wannan shekara mayaƙan suka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi, shugabanni da ɗaliban makarantar tauhidi suka bi daji, aka koma gudanar da ekklesiyar daga Jos. Ga shi kuma ekklesiya ce da aka gina a kan koyarwar salama da ƙin ramuwa. Fastocin da suka yi shekaru suna wa'azin a ƙaunaci maƙiyi sai ga su a sansani, su kansu ba sa iya barci, gabansu kuma mutanen da suka san sunan maƙwabcin da ya nuna gidansu.

A nan ne aka gane cewa wa'azi daga kan bagade, komai daɗinsa, hanya ɗaya yake bi: daga bakin mutum ɗaya zuwa kunnuwa ɗari. Wanda ke ɗauke da rauni kuwa yana bukatar a juya hanyar. EYN ta aro wani tsari daga Ruwanda da Burundi, wanda Kiristoci 'yan ɗariƙar Kweka suka kafa a 2003 don waɗanda suka tsira daga kisan kiyashi da yaƙin basasa. Zama ne na kwana uku. Ana fara shi da bayanin mene ne raunin zuciya da yadda yake nuna kansa, a shiga batun rashi da makoki da fushi, a ƙare da yadda ake sake gina yarda. Wasu ekklesiyoyin suka ɗauki littafin da Harriet Hill, Margaret Hill, Richard Bagge da Pat Miersma suka rubuta a kan warkar da raunukan zuciya, wanda ya fito a 2004 bayan an gwada shi da fastocin ƙasashen Afirka da ke cikin yaƙi, kuma tuni aka juya shi zuwa harsuna masu yawa.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari na biyu shi ne darasin makoki. Ana buɗe Zabura a nuna wa mutane cewa kaso mai yawa na waƙoƙin cikinta kuka ne da ƙorafi, cewa masu waƙar suna tambayar Allah dalilin da ya sa ya yi shiru, har akwai Zabura ta 88 da ta ƙare cikin duhu ba tare da ko kalmar yabo ɗaya ta rufe ta ba. Sannan a ce wa kowa ya tsara nasa makokin, da harshensa, ya faɗa wa Allah abin da ke ransa ba tare da ya yi masa kwalliya ba. Na ga dattijon da ya riƙe alƙalami ya kasa, ya ce, "Malam, wannan ba saɓo ba ne?" An koya masa cewa mai bi ba ya tambayar Allah dalili. Littafi Mai Tsarki yana hannun masu jin Hausa tun 1932, akwai Ayuba a ciki, akwai littafi sukutum mai suna Makoki, amma mun zaɓi ayoyin nasara muka haddace, muka bar na hawaye suna ƙura. Ko abokan Ayuba, aikin kirkin da suka yi shi ne kwana bakwai na farko da suka zauna da shi a ƙasa ba su ce komai ba. Ɓarnar ta fara ne ranar da suka buɗe baki suna nemo masa laifin da ya jawo masifar.

Raunin yaƙi, duk da nauyinsa, yana da sauƙi ta fuska ɗaya: mai shi ba ya jin kunyar faɗa, kuma maƙiyin yana waje. Wanda ya fi wuya shi ne raunin da aka yi a cikin gida. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi a 2014 tare da UNICEF ya gano cewa yarinya 1 cikin 4 da yaro 1 cikin 10 sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su kai shekara 18, kuma waɗanda suka sami wani taimako ba su kai 5 cikin 100 ba. Mafi yawan masu aikata abin ba baƙi ba ne. Kawu ne, malami ne, maƙwabci ne, wani lokaci mai riƙe da muƙami a ekklesiya ne. Kowa ya san yadda akan yi. Dattawa su zauna, a kira iyaye, a ce a rufa asiri don sunan gida da sunan ekklesiya, a sa mutumin ya ce a gafarta masa, a juyo ga yarinyar a ce, "To 'yata, kin ji ya tuba, sai ki yafe." Idan ciki ya fito, ita ake sawa ƙarƙashin horo, a hana ta jibin Ubangiji, ta zauna a bencin baya kowa yana kallo. Shi kuwa, in ya yi yawa, a canja masa wurin aiki.

Akwai labarin da ba kasafai ake karantawa a sujadar Lahadi ba, yana cikin 2 Sama'ila sura 13. Tamar 'yar Sarki Dawuda ce. Ɗan ubanta Amnon ya yi ƙaryar ciwo, ya sa aka aiko ta ta dafa masa abinci, ya kori kowa, ya yi mata fyaɗe duk da roƙon da ta yi, sannan ya sa bara ya jefa ta waje ya kulle ƙofa. Tamar ba ta ɓoye ba. Ta zuba toka a ka, ta yage rigarta, ta tafi tana kuka a fili. Wanta Absalom ya tarye ta da irin maganar da muka sani: ta yi shiru, ai ɗan'uwanta ne, kada ta sa abin a rai. Dawuda ya ji, ya yi fushi, amma bai ɗauki mataki ba. Marubucin ya ce ta zauna a gidan wanta a kaɗaice, daga nan ba mu sake jin muryarta ba. Shirun kuma bai ceci gidan ba. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon, daga baya ya tayar wa ubansa da tawaye. A Afirka ta Kudu malaman tauhidi na cibiyar Ujamaa sun mayar da wannan sura abin nazari da ƙungiyoyin mata, kuma abin da ake yawan ji daga bakin matan shi ne mamakin cewa irin labarinsu yana cikin Littafi Mai Tsarki tun tuni.

A 1992 wata likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, Judith Herman, ta fitar da littafi a kan rauni da farfaɗowa, inda ta nuna cewa warkewa tana da tsari. Da farko aminci: a raba mutum da abin da ke cutar da shi, ya sami barci, ya sake jin cewa jikinsa nasa ne. Bayan haka sai tunawa da makoki, inda zai ba da labarinsa a hankali ga wanda zai iya ɗauka. Daga ƙarshe sai komawa cikin jama'a, ga sana'a da zumunci. Kuskurenmu a ekklesiya shi ne muna fara ginin daga jinka. Muna neman gafara daga matar da za ta koma ta kwana ɗaki ɗaya da mai dukanta a daren nan. Duba yadda aka bi da annabi Iliya a 1 Sarakuna 19, lokacin da ya gudu daga Yezebel ya kwanta a gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ikan da ya zo masa bai yi masa wa'azi ba. Ya ba shi gurasa da ruwa, ya bar shi ya yi barci, ya sake tashinsa ya ci. Magana ta zo ne bayan tafiyar kwana 40, kuma da tambaya aka fara ta.

Ba ina rage darajar gafara ba ne. Ita ce zuciyar bangaskiyar Kirista, kuma na ga mutanen da ta sauke musu kayan da ba wani magani da zai sauke. Amma waɗanda suka fi yawan kafa hujja da Yusufu ba sa ƙirga shekaru. Yana da shekara 17 aka sayar da shi, yana da 30 ya tsaya gaban Fir'auna, aka yi shekara 7 ta ƙoshi, aka shiga ta 2 ta yunwa kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Fiye da shekara 20 ke nan. A lokacin ba sa iya taɓa shi, kuma sai da ya gwada su da Biliyaminu ya ga ko har yanzu za su iya sayar da ƙane. Ya yi ta fita yana kuka a ɓoye. Gafara abu ɗaya ne, komawa hannun azzalumi abu ne daban, janye ƙara daga gaban hukuma kuma abu na uku ne. Mace tana iya sauke ƙiyayya daga zuciyarta ta kuma tsaya a kotu ta ba da shaida, musamman idan akwai wasu yara a hanyar mutumin. Dokar hana cin zarafi ta 2015, wadda jihohi da yawa suka amince da ita daga baya, ba ta ce dattawan ekklesiya su maye gurbin alƙali ba.

To me ake yi a ɗakin mai ba da shawara wanda ba a yi a ɗakin addu'a? Mutane da yawa suna zaton hira ce kawai ta masu kuɗi. Bari in kwatanta hanya ɗaya, don ta fi kusa da yanayinmu. Wasu masana daga Jami'ar Konstanz ta Jamus, Frank Neuner, Maggie Schauer da Thomas Elbert, sun tsara ta don 'yan gudun hijira. Ana shimfiɗa igiya a ƙasa, ita ce rayuwar mutum daga haihuwa, a bar ƙarshenta a naɗe don kwanakin da ba su zo ba. Mutum ya ɗora fure a kan kowane abin farin ciki, dutse a kan kowane tashin hankali. Sannan a bi igiyar zama bayan zama. In an zo kan dutse ba a tsallakewa: wace rana ce, me ka gani, me ka ji a jikinka, me ya biyo baya. Tsoron yakan tashi, mai ba da shawara ya riƙe mutum a nan har ya sauka da kansa. Da haka ƙwaƙwalwa take koyon cewa abin yana da rana da wuri, ya faru ya wuce, ga kuma fure a gabansa da bayansa. A gwajin da suka wallafa a 2004 da 'yan gudun hijirar Sudan 43 a Yuganda, bayan shekara guda 29 cikin 100 na waɗanda aka bi da su ta wannan hanya ne ciwon bai sake su ba, alhali a rukunoni biyu da aka bi da su ta wasu hanyoyi kusan 80 cikin 100 ne. Zama huɗu kacal aka yi. A gabashin Kwango kuma, wani gwaji da aka wallafa a 2013 da mata 405 da aka ci zarafinsu ya nuna cewa ko matan ƙauye da ba likitoci ba, in an horar da su, suna iya jagorantar irin wannan magani a rukuni, ya kuma yi aiki. Babban abin da suke tarar da shi a can shi ne tunanin "ni na jawo wa kaina", wanda ake warware shi zare-zare.

Wannan ya sha bamban da al'adar nan ta miƙa wa wanda ya tsira makirufo ranar Lahadi ya ba da shaida. Na tsani ganin haka. Ana sa mutum ya tone rauninsa gaban mutum 500, a tafa, a yi waƙa, kowa ya tafi gida cin tuwo, shi ya kwana ido biyu. Ko a asibiti an daina tilasta wa mutum ya zazzage labarinsa a zama ɗaya da zarar abu ya faru, don an ga ba ya hana ciwon, wani lokaci ma yana ƙara shi. Mai labari shi ke zaɓen lokaci da kunnen da zai ba.

Akwai kuma iyakar da fasto mai hikima ya kamata ya sani. Wanda ke maganar kashe kansa, wanda ya daina ci da barci kwana da kwanaki, wanda ke jin muryoyi, wanda ya koma ga giya ko tiramadol, wannan na asibiti ne, a raka shi da addu'a har ƙofa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Maiduguri, da Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato. Wadda aka yi wa fyaɗe tana bukatar isa asibiti cikin awa 72 don maganin da ke kare ta daga cutar ƙanjamau, kuma cibiyoyin Salama a Kaduna da ta Waraka a Kano don haka aka buɗe su. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200, kuma sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar da ta maye gurbin ta mahaukata ta 1958. Shi ya sa nauyin ya faɗo kan irin su Dakta Fatima Akilu, wadda gidauniyarta ta Neem ke kai masu ba da shawara har cikin unguwannin Borno, da Dakta Rebecca Dali, wadda ta yi shekaru tana karɓar matan da suka kuɓuta daga daji a lokacin da danginsu ke gudunsu. Shi ya sa kuma ya faɗo kan Matan Zumunta, waɗanda ake samu har a ƙauyukan da babu ko ɗakin shan magani.

Matar Michika ta dawo sujada a tsakiyar Janairu. Dattijuwar nan ce ta je har ɗakin da take haya, ba da Littafi a hannu ba, da ƙullin gyaɗa. Suka zauna suna ɓara. A zuwa na uku ne matar ta fara magana a kan ɗanta na fari da abin da ta gani daga cikin gonar dawa. Daga baya ta shiga ɗaya daga cikin zaman nan na kwana uku, kuma wata ma'aikaciyar jinya a ekklesiyar ta kai ta ganin likita saboda rashin barcin. Da na koma bayan shekara biyu na same ta tana buga tulu. Har yanzu ba ta zama a tsakiyar jama'a, sai a kujerar da ke bakin ƙofa, inda take ganin hanya. Ba wanda ya yi sanarwa a kai, amma ko majami'ar ta cika maƙil, matan sukan bar mata wannan kujerar, kuma in Disamba ta kama, akwai mai zuwa ta roƙi yaran unguwa su matsa can bakin rafi da wasansu.